Girka Sabuwar Manhaja Ba Dalilin Share Faifai Ba Ne

A cibiyar da ke da uwar garke ɗari, babu mai zama gaban kowace kwamfuta yana amsa tambayoyin girkawa ɗaya bayan ɗaya. Ana rubuta amsoshin ne a fayil guda, kwamfutocin su tashi ta hanyar sadarwa, su karanta shi, su girka tsarin aikinsu da kansu. Red Hat na kiran wannan fayil Kickstart, Debian na da preseed, Ubuntu kuma ta kawo autoinstall a fitowarta ta 20.04, a shekarar 2020. Sauƙi ne babba, amma fayil ba ya shakka, ba ya kuma tambaya. Abin da aka rubuta masa shi yake aikatawa.

Haɗarin yana cikin layi ɗaya. A Kickstart, umarnin clearpart --all yana rushe dukkan sassan da ke kan duk faifan da mai girkawa ya gani, in ba a taƙaita shi ba. Misalai da yawa da ake kwafa daga intanet suna ɗauke da shi, domin an rubuta su ne don sabuwar na'ura wadda ba ta da komai. Wanda ya ɗora irin wannan fayil kan uwar garken da ke riƙe da sakamakon jarrabawa ko bayanan albashi zai sami tsari sabo fil, ajiya kuwa ta tafi.

Ya kamata a juya ƙa'idar: kada a taɓa komai sai abin da aka ambata da suna. Kayan aikin suna nan. Da ignoredisk --only-use ana ɓoye wa mai girkawa sauran faifai. Da clearpart --list ana share sassan da aka lissafa kaɗai. Sashen da ake son tsarewa kuwa, a haɗa shi da --onpart tare da --noformat, sai a yi amfani da shi yadda yake. A Ubuntu ana rubuta preserve: true a kan sashen, bayan an siffanta shi daidai da yadda yake a faifan. Debian ta fi wuya a nan, domin partman-auto ya fi sanin cin faifai sukutum ko amfani da filin da ba kowa.

Sai dai duk wannan ba ya da amfani in an kira faifai da sunan da ke sauyawa. Wanda yake sda yau yana iya zama sdb gobe, gwargwadon wanda tsarin ya fara ganowa. Ƙaramin faifan USB da aka manta a jiki ma ya isa ya rikita jerin. Sunayen da ke ƙarƙashin /dev/disk/by-id, waɗanda ke ɗauke da lambar masana'anta, ba sa wannan yaudara.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce ta banza: a share komai, a dawo da bayanai daga kwafin ajiya. Suna da gaskiya ta wani gefe, domin sashen da aka tsare ba ya maye gurbin kwafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amma lissafi bai goyi bayansu ko'ina ba. Dawo da terabait 4 ta layin da ke ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan kwana 4, in wuta ba ta ɗauke ba, layin kuma bai yanke ba. Sake girka tsarin aiki kaɗai, a bar sashen bayanai, ba ya wuce mintuna.

Shi ya sa tun ranar farko ya dace a raba tsarin aiki da bayanai, kowane da sashensa, in da hali da faifansa. Kafin fayil ɗin girkawa ya kusanci uwar garke ta gaske, a gwada shi a kwamfutar gwaji mai irin wannan rabon, a ajiye wani fayil a sashen bayanai, a duba ko yana nan bayan an gama.