Jirgin haɗin gida: zaɓi wanda za ka iya gamawa

Duk mai yawo a YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani Ba'amurke yana haɗa jirgin sama a garejinsa. Ba almara ba ce. A Amurka kamfanoni na sayar da sassan ƙaramin jirgi a cikin akwatuna, tare da zane da littafin bayani, mutum ya haɗa da hannunsa. Ƙungiyar masu wannan sha'awa, EAA, an kafa ta tun 1953, kuma duk watan Yuli suna taruwa da jiragensu a Oshkosh, jihar Wisconsin. Hukumar FAA tana yi wa irin wannan jirgi rajista muddin ɗan koyo ne ya yi fiye da rabin aikin, abin da ake kira dokar kashi 51.

Mu ma abin ba baƙonmu ba ne. Air Beetle, jirgin da sojojin saman Najeriya suka daɗe suna koyon tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft, kuma a Kaduna aka haɗa shi.

Ra'ayina shi ne, sabon shiga ya daina zaɓen jirgi yadda muke zaɓen waya. A waya muna duba kyamara da RAM, idan ba ta yi ba a sayar a canza. A jirgi, wanda ya bi gudu da kyan fasali yakan ƙare da tarin ƙarfe a gareji. Tambayar farko ita ce: wane ne zan iya gamawa, kuma in iya tuƙa shi lafiya?

Fara da lissafin lokaci. RV-12 mai kujera biyu yana cin awa 700 zuwa 900 a ƙiyasin kamfanin, RV-10 mai kujera huɗu kuwa kusan awa 2,000. Idan awa 10 kake samu a mako, na farkon zai kai ka kusan shekara biyu, na biyun shekara huɗu, idan komai ya tafi daidai. Aure, haihuwa da canjin aiki ba sa jiran jirgi.

Sannan ka zaɓi samfurin da mutane da yawa suka riga suka haɗa. Jiragen Van's fiye da 10,000 sun tashi. Duk inda ka maƙale, wani ya maƙale a nan kafin kai, ya kuma ɗora maganin a intanet. Haka ma Zenith CH 750, jirgin alminiyam mai sauƙin haɗi, wanda ke tashi da sauka a gajeren fili.

Inji shi ne inda bai kamata a yi dabara ba. Binciken hukumar NTSB na 2012 ya nuna mutuwar inji da ƙwacewar jirgi a sama su ne kan gaba a haɗurran jiragen haɗin gida, wasu ma a tashin farko suka faɗi. Cire injin mota a liƙa don rage kuɗi araha ce da ba ta ado. Rotax 912 an san halinsa, ga shi yana shan man mota mai kyau, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da man ƙananan jirage ke wuyar samu.

Wani zai ce bin babban kamfani ma ba kariya ba ce. Gaskiya ne. A Disambar 2023 Van's ɗin kansa ya nemi kariyar kotu saboda matsalar kuɗi, kuma waɗanda suka ba da kafin alkalami suka tarar an ƙara farashi. Darasin shi ne kada ka zuba kuɗinka gaba ɗaya. Ana sayar da kayan kashi-kashi: wutsiya, fuka-fukai, gangar jiki, sai inji. Sayi wutsiya kawai. Ita ce mafi araha, kuma ita za ta gaya maka ko kana da haƙurin aikin. Ka tuna farashin akwatin ba shi ne kuɗin jirgin ba. Akwai inji, farfela, na'urorin tuƙi, fenti da kayan aiki. Ga mai zama a Najeriya ƙara da canjin dala, jigila da kwastan.

Kafin duk wannan, koyi tuƙi. Kwalejin NCAT ta Zariya tana nan tun 1964. Wanda bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba bai san irin jirgin da ya dace da shi ba. Ka kuma tuntuɓi NCAA kan rajista kafin ka biya ko sisi, domin dokar Amurka ba ta aiki a sararin Najeriya. Jirgin da ba a ba shi izini ba ado ne kawai a tsakar gida.

Waya idan ta tsaya sai ka kashe ka kunna. Jirgi ba ya ba da wannan dama. Zaɓi mai kujera biyu, mai saurin da za ka iya sarrafawa, wanda dubbai suka gwada kafin kai.