Kafin ka sa hannu a takardar aiki

Zancenmu na wannan mako da maza muke yin shi, ko da yake ciwon na mata ne, domin a wurinmu namiji ne ke sa hannu in za a yi wa mace aiki.

Wata ɗiyar maƙwabta a Tamaske, mai shekara 23, ta yi wata huɗu tana kukan mara. Mijinta yana bida a Abijan, uwar miji ta ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ran da ciwon ya kayar da ita tana amai, sai da aka kwana biyu ana jiran waya kafin a ɗauke ta. Da aka buɗe ciki, gidan ƙwanta na dama ya murɗe ya mutu, dole aka cire. Allah ya sa na hagu lafiya yake, yau tana goye da ɗa.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagun mahaifa. Wani lokaci ƙullutu mai ruwa yakan fito a kai, shi ne lokotoro ke kira kist. Galibinsu ba komai ba ne, cikin wata biyu ko uku su ɓace da kansu. Wani kuma yakan yi girma, har a tarar da gashi ko haƙori a ciki, abin da ya sa wasu ke cewa jifa ne, alhali halitta ce sananniya. In ya wuce santimita 5, nauyinsa na iya murɗe gidan ƙwan, jini ya daina isa. Nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. In an zo da wuri, sai a warware shi, a cire ƙullutun, a bar gidan. Majo na CSI ba ya iya ganin wannan da ido. Hoton ciki na ekogarafi ake bukata, kamar a Tawa ko a asibitin Galmi.

Mai gidan ƙwai guda tana yin al'ada, tana haihuwa. Babbar asara ita ce a cire duka biyu. Mu dai haihuwa kawai muke tunawa, sai mu ce ai ta riga ta sami ƴaƴa. To gidan ƙwai ba ƙwai kaɗai yake bayarwa ba: shi ke fitar da sinadarin estorojin mai tsare ƙashi da jijiyoyin jini. Abin da ke zo wa mace sannu-sannu wajen shekara 50, sai ya faɗa wa ƴar shekara 25 dare ɗaya: zafin jiki da zufa cikin dare, rashin barci, bushewar gaba, daga baya ƙashi ya yi rauni, ciwon zuciya ya matso. Ku duba wannan ga matar Adar mai daka da ɗaukar ruwa. A 2006 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun nuna cewa matan da aka cire wa duka biyu kafin shekara 45, ba a ba su estorojin ba, sun fi sauran mutuwa da wuri. Maganin yana nan, ana shan shi har wajen shekara 50 in likita bai ga abin hanawa ba, amma kuɗinsa na kowane wata ne, kuma mijin da bai san dalili ba yakan gaji da saye.

Akwai inda cirewar ta zama dole, kamar in ana tsoron daji, wannan ba mu ja da likita ba. Amma tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka tambaye shi: ana iya cire ƙullutun a bar gidan? Guda za a taɓa ko biyu? A yi zancen gabanta, da Hausa, tun da jikinta ne. Bayan aiki ku karɓi takardar da ta faɗi abin da aka cire, ku adana ta tare da takardun gona. Mai tafiya bida kuwa ya bar izini da kuɗin mota hannun wani tun kafin ya tashi.