Wannan Kunyar Ta Isa Haka

'Yar'uwa, tsakaninki da Allah, sau nawa maigida ya ɗauko ki da yara, yana tuƙi yana latsa waya, kika yi gum wai ke mai kunya? Ni dai na daina. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta haramta wannan ɗabi'a, har ta yanka tarar naira 4,000. To amma jami'i ba ya cikin motarku, ke ce a ciki. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, daƙiƙa biyu kacal ya sunkuya, ta shafe mita 33 a makance. Buɗe baki ki ce, "Abban Ummi, don Allah tsaya ka amsa." In ya yi fushi zai huce. Gara fushinsa da takaba!