A Zaɓi Iri Kafin A Yi Shuka: Batun Linux A Ƙasar Zuru

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da babbar manhajarsa da ake kira Windows 10, watau wadda ke tafiyar da aikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ofisoshi da makarantun ƙasar nan. Labarin bai tayar da ƙura ba a Kanya ta Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, ko a sauran garuruwan Masarautar Zuru, domin kuwa washegari kowace na'ura ta tashi kamar yadda ta saba. Amma abin da ya faru ya yi kama da gidan da mai gadinsa ya ajiye aiki ya yi tafiyarsa: ginin yana nan tsaye, sai dai duk ɓarakar da ta bayyana a katanga daga ranar babu mai toshe ta. Gaskiya ne kamfanin ya ba da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya biya ko ya cika waɗansu sharuɗɗa, amma wannan jinkiri ne kurum.

Magajiyarta, Windows 11, ba ta karɓar kowace na'ura. Tana neman wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma injin da bai tsufa ba ƙwarai. To, akasarin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wannan yanki na hannu ne, waɗanda aka sayo daga kasuwannin Kano ko Ikko bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai. Saboda haka mai irin wannan na'ura yana tsaye ne a mararrabar hanya uku. Ko dai ya sayi sabuwa, abin da albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba. Ko ya ci gaba da zama cikin gidan da ba mai gadi, ko kuma ya kai wa mai gyara ya ɗora masa manhajar sata, wadda sau da yawa da cutarta take zuwa. Ko kuwa ya koma ga Linux. Hanya ta uku ita ce ta fi dacewa da aljihu da kuma mutunci, muddin an bi ta da lura.

Linux ba baƙuwa ba ce kamar yadda waɗansu ke zato. Ran 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da duniya cewa ya fara gina ta. Bayan kwana biyu, ran 27 ga wannan wata, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ashe kenan Linux da Kebbi sa'o'in juna ne. Aikin ɗalibin ya haɗu da wanda Richard Stallman ya faro tun 1983 da sunan GNU, aka sami cikakkiyar manhaja wadda dokarta ta halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Duk mai riƙe da wayar Android yana aiki da zuciyar Linux ko bai sani ba, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 kwamfutoci 500 da suka fi kowaɗanne ƙarfi a duniya a kanta suke gudana baki ɗaya.

Wahalar ɗan koyo tana farawa ne daga wannan 'yanci. Da yake kowa yana da ikon haɗa nasa, sai aka wayi gari da ɗaruruwan nau'o'i, kowanne da sunansa da masu yabonsa. Ɗalibi ya shiga intanet yana neman Linux, sai ya tarar da Ubuntu da Debian da Fedora da Mint da Arch da Kali, ya rasa na kamawa. A nan manomin Kanya ya fi shi sanin abin yi. Manomi ba ya tambayar wace dawa ce ta fi kowace suna a duniya. Yakan dubi ƙasar gonarsa, da tsawon daminar garinsu, da kuma irin da maƙwabtansa suka shuka ya yi kyau, sa'an nan ya zaɓa. Tambayoyin nan uku su ne dai na mai zaɓen Linux: ƙarfin na'urarsa, tsawon lokacin da za a ci gaba da kula da abin da ya ɗora, da kuma wanda zai taimake shi ranar da abu ya cije.

Game da ƙarfin na'ura, abin dubawa na farko shi ne ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu gyara ke kira ram. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, bugunta na 2024 yana son gigabait 4 na ram da kuma fili na gigabait 25 a rumbun ajiya, kuma ya fi sakewa idan an ba shi fiye da haka. Linux Mint, wadda ta fito a 2006 kuma aka gina ta a kan Ubuntu, tana iya tashi da gigabait 2, ko da yake masu ita sun fi son 4. Fuskarta mai suna Cinnamon ta yi kama da ta Windows ƙwarai, har akawun da ya saba da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa ba zai yi ɗimuwa ba. Ga na'urar da ta manyanta, akwai Mint mai fuskar Xfce, da kuma Lubuntu, waɗanda ba su da nauyi. Wajibi ne kuma a tabbatar injin na'urar mai bit 64 ne, domin manyan nau'o'in nan sun daina fitar da sababbin bugu ga injin bit 32.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi yin kuskure a kanta, domin ɗan koyo yakan ɗauka cewa bugun da ya fi sabunta shi ne ya fi kyau. Lambar da ke gaban sunan Ubuntu kwanan wata ce: 24.04 na nufin shekarar 2024, wata na huɗu. Kowane wata shida akan fitar da sabon bugu, amma yawancinsu wata tara kacal ake kula da su. Sai a watan Afrilu na kowace shekara mai lamba cika, kamar 2022 da 2024, ake fitar da bugu mai dogon wa'adi, wanda ake liƙa wa haruffan LTS, shi kuwa ana toshe masa ɓaraka har shekara biyar. Mint ta 22, wadda ta fito a 2024, wa'adinta zai kai 2029. Fedora kuwa, duk da kyanta, kowane bugu nata bai wuce kimanin wata goma sha uku ba. Ga mutumin da ke birni mai wadatar intanet, sauya bugu sau biyu a shekara ba wani abu ba ne. Ga na karkara, wanda ke auna data kamar yadda uwargida ke auna man gyaɗa, bugu mai dogon wa'adi shi ne kaɗai ke da ma'ana.

Ya kamata a ja kunnen ɗalibai musamman a kan Kali Linux, wadda samari ke rububinta don sun ji an ce ta masu kutse ce. An yi ta ne domin ƙwararrun masu binciken tsaro, kuma masu ita da kansu sun gargaɗi ɗan koyo da ya nisance ta. Haka nan Arch, wadda sai mutum ya haɗa kusan kome da hannunsa. Wanda bai taɓa hawan jaki ba, ba ya fara koyon sukuwa da ingarma.

Tambaya ta uku ta fi sauran sauƙi. Idan abokan karatu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, ko a Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, Mint suke amfani da ita, to sabon shiga ya bi sahunsu, ko da ya karanta cewa wata ta fi ta. Nau'in da maƙwabci ya sani ya fi wanda sai an yi wasiƙa Turai kafin a sami amsa.

Idan an gama zaɓe, sauran ɗorawa, kuma masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne a kwashe duk takardu da hotuna da ayyukan makaranta zuwa wani ma'aji na dabam, domin a cikin matakan ɗorawa akwai wanda ke tambaya ko a shafe rumbu gaba ɗaya, kuma wanda ya amsa da i ba tare da ya karanta ba, ya yi sallama da aikin shekaru. Na biyu, a sauko da manhajar daga ainihin gidanta. Ta Mint ta kusa gigabait 3, ta Ubuntu 24.04 kuwa ta kusa 6. A nan ne dokar Linux ke nuna amfaninta ga talaka: mutum ɗaya ya sauko da ita a Zuru, ya zuba ta a filashi mai gigabait 8 da taimakon ƙaramar manhaja irin su Rufus ko Ventoy, sa'an nan filashin nan guda ya zagaya Ribah da Kanya da Wasagu, a ɗora wa na'ura ɗari ba tare da an karya doka ko an biya kobo ba.

Na uku, kada a yi gaggawar ɗorawa. Ubuntu da Mint duka suna iya tashi daga kan filashin ba tare da sun taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Wannan dama ce ta gwaji: a duba ko sauti yana fita, ko na'urar tana kama intanet, ko injin buga takardu na ofis yana amsawa. Idan duk sun yi, sai a ci gaba. Wanda har yanzu yake da buƙatar Windows yana iya zaɓen a zaunar da su biyun gefe da gefe, ya riƙa zaɓen wadda zai shiga duk sa'ad da ya kunna. Na huɗu, a cika batir ko a tanadi janareta kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rabon rumbu tana iya barin na'ura ba tsuntsu ba tarko. Akwai kuma wata garaɓasa da ta shafi masu wannan harshe: cikin jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausa, mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ, wanda malamin Hausa zai ji daɗinsa ƙwarai.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa jama'a inda gizo ke saƙa. LibreOffice, wadda ke zuwa tare da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci takarda mai tsari da yawa takan ɗan karkace. Akwai manhajojin lissafin kuɗi da na ɗaukar hoton yatsa waɗanda don Windows kaɗai aka yi su, kuma ofishin da aikinsa ya rataya a kansu bai kamata ya sauya na'urar da ke wannan aiki ba. Amma mafi yawan aikin ofis da na makaranta rubuta wasiƙa ne, da jera sakamakon jarrabawa, da cike takardu a intanet, waɗannan kuwa Linux tana yin su ba tare da gardama ba. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, abin da yake buƙata shi ne hannunsa ya saba da allon rubutu da linzami, kuma tsohuwar na'ura mai Lubuntu ta ishe shi wannan.

Nijeriya ta taɓa gwada wannan hanya, kuma akwai darasi a ciki. A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu aiki da Linux. A shekarar ce kuma aka ƙulla cinikin kwamfutocin Classmate 17,000 domin makarantu, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har takaddama ta tashi a kan yunƙurin maye gurbinta da Windows, shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. An yi ta muhawara a kan wace manhaja za a ɗora, alhali babbar tambaya ita ce wane ne zai koya wa malami, wane ne kuma zai gyara na'ura idan ta tsaya. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya, wadda ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, ta haɗa sauyin da horar da malamai, shi ya sa ya zauna. A 2024 Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000, kuma mataki-mataki ta tsara abin.

Saboda haka abin da ake nema daga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Masarautar Zuru ba mai tsada ba ne, musamman a wannan lokaci da matsalar tsaro ke cin kaso mai yawa na hankali da dukiya a yankin. A ƙidaya tsofaffin na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiya. A tsayar da nau'i guda mai dogon wa'adi ga dukan makarantu, don kada kowace ta kama gabanta. A horar da malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta, tare da masu gyaran da ke kasuwa, domin su ne jama'a ke fara kai wa kuka. Ɗalibai kuma kada su zauna jiran Hukuma. Wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi, filashi ya riƙa zagayawa kamar yadda iri ke zagayawa tsakanin manoma gab da faɗuwar damina. Na'urar da ake shirin jefarwa a bola tana iya ƙara shekara biyar tana aiki, kuma shekara biyar sun isa yaron Kanya ya gama sakandare da hannun da ya san kwamfuta. Allah ya sa shugabanni su duba.