Faya Ba 'Yar Miligi Ba Ce

'Yan makaranta, idan mai kifi ya shigo Horo Birni muka ga ƙaramin kifi mai ƙyallin azurfa, kada mu yi saurin cewa ɗan miligi ne. Mu duba baki. Na miligi dogo ne, ya lanƙwasa kamar hannun giwa. Na faya ƙarami ne, yana ƙarƙashin kai, saitin ido. Faya ba ta cika wuce santimita 20 ba ko ta tsufa.

Dangi ɗaya ne dai. Dukansu suna fitar da lantarki mara ƙarfi daga gindin wutsiya, da shi suke gane hanya cikin ruwa mai laka da dare. Wannan makon, mu auna guda, mu zana ta.