Idan shayi ya rina kofi, yana rina hanji ne?

Duk lokacin da na je gida Ɗambatta nakan zauna a majalisar baffana bayan sallar isha'i, inda kurfoti da 'yar buta ba sa nisa da tabarma. A zuwana na ƙarshe, wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya daina shan shayi shekara biyu ke nan, ya ɗauki kofin tangaran da aka zuba mini, ya karkata shi wajen haske, ya nuna mini baƙin zoben da ya kewaye cikinsa. Ya ce, "Ɗana, abin da ya yi wa tangaran haka, me kake zaton yake yi wa hanjinka?" Aka yi dariya, amma babu wanda ya amsa masa, har da likitan dabbobin da ke zaune kusa da ni.

Tambayar ta cancanci amsa, domin Malam bai yi kuskure ba da ya zargi shayi. Kuskurensa a wurin da ya ɗora laifin ne.

Abin da ke rina kofi dangin sinadarin nan ne da ake kira tanin, wanda majeman Kano suka daɗe da sani ko da ba da wannan suna ba: shi ne ƙarfin da ke cikin bagaruwa, wanda ke kama fata ya mayar da ita kirgi. Ɗabi'arsa ita ce manne wa furotin, shi ya sa baki ke yin bauri bayan kurɓar shayin da ya daɗe a wuta. A kan haƙori kuwa akwai wani siririn lulluɓi na furotin da yawu ke shimfiɗawa jim kaɗan bayan an goge baki. Nan launin yake sauka, musamman a tsakankanin haƙora da gefen dasashi, inda datti ya riga ya taru ya taurare. Tabon a waje yake, kamar ƙura a jikin bango, kuma ma'aikacin lafiyar haƙori yana kankare shi a zama guda.

Hanji ba tangaran ba ne. Majina ce ke lulluɓe da bangonsa, kuma ƙwayoyin da ke fuskarsa suna zubewa wasu su maye gurbinsu cikin 'yan kwanaki. Babu fuskar dindindin da launi zai zauna a kai shekara da shekaru. Wanda ya sha shayi shekara arba'in ba ya yawo da jemammen ciki.

Ni kaina ina mamakin yadda muka koma tsoron launi a haƙori. Kakanninmu mata da gangan suke cin goro da fure don haƙora su yi ja, ado ne a wurinsu, kuma da yawansu sun tsufa da haƙoransu cif. Tallan man goge baki da hotunan Instagram ne suka koya mana cewa lafiyayyen haƙori sai ya yi fari kamar alli. Daga nan ne ma ɓarna ta farko ke shigowa. Na san ma'aikatan banki da malaman jami'a da ke dirje haƙora da garin gawayi, ko toka, ko gishiri da lemon tsami. Tsami yana tausasa farin ɓawon haƙori, dirza kuma tana cinye shi, ga shi ba ya sake tsirowa. Abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne, saboda haka mai neman fari ta wannan hanya yana ƙara wa kansa rawaya ne, tare da zogi duk lokacin da ya sha ruwan sanyi. Asuwaki ko buroshi mai laushi, da kuskure baki da ruwa bayan shayi, sun wadatar. Madara ma tana rage tabon, domin furotin ɗinta na kama tanin tun a cikin kofi.

Akwai wani launin kuma da ake ɗora wa shayi alhali ba nasa ba ne. A wurare irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, ruwan sha mai yawan sinadarin fulorayid yana barin ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa a cikin jikin haƙori tun yaro yana ƙarami. Wannan ba ya gogewa, komai dirza.

Inda nake ganin Malam ya kusa da gaskiya shi ne a batun jini. Dukawa suna da baƙin rinin da ake kira kuloko, wanda ake samu idan aka haɗa bagaruwa da kashin maƙera. Tanin ne ke rungumar ƙarfe, su zama abu guda mai baƙi. Kwatankwacin wannan yana faruwa a ciki idan shayi ya haɗu da abinci: yana ɗaure sinadarin ƙarfen da jiki ke buƙata don yin jini, ya hana hanji tsotse shi, su fice tare. An nuna haka a wani bincike a Afirka ta Kudu tun 1975, wani kuma na 1999 ya sami ragin da ya haura kashi 75 cikin ɗari idan aka sha baƙin shayi tare da burodi. Zuba madara bai gyara wannan ba.

Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi bai cika shiga wannan tarko ba. Wanda ke shiga shi ne na tsirrai, wato na gero da dawa da wake da zogale da alayyahu, kuma wannan shi ne abincin yawancin gidajen ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, inda ake kiwon dabba don kasuwa fiye da don tukunya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Ba shayi ne ya jawo wannan ba; zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa a kai a kai da talauci su ne a gaba. Amma mai juna biyun da aka ba ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, ta dawo gida ta kora ta da ruwan Lipton saboda tashin zuciya, ta zubar da kaso mai yawa na amfanin maganin ba tare da ta sani ba. Haka yaron da aka yaye da ruwan shayi da burodi. Ga magidanci mai cin tsire da balangu wannan ba abin damuwa ba ne sosai, ga matarsa kuwa abin damuwa ne. Gyaran bai da tsada: a bar aƙalla awa guda tsakanin abinci ko ƙwayar da shayi, a kora maganin da ruwa ko lemon zaƙi.

Sai sukari, wanda shi ne ainihin mai huda haƙori, kuma ba ya barin tabo a kofi balle a zarge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, ƙananan cokula goma sha biyu. Babban cokalin mai shayi ya kai ƙanana uku. Kofi uku a yini, kowanne da manyan cokula biyu, ya zama goma sha takwas, ba a ƙidaya madarar gwangwani da Milo ba. Shayin Buzaye da ake zagayawa sau uku ya fi wahalar da haƙori, saboda ana kurɓarsa ne a hankali tsawon hira, baki bai samu ya huta daga zaƙi ba. Zafi ma abin lura ne: a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sanya abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankarar hanyar abinci. Mu kuwa a lokacin hunturu, idan shayi bai ƙona leɓe ba sai mu ce ya huce.

Na faɗa wa Malam duk wannan washegari da muka haɗu a hanyar kasuwa. Ya saurara da kyau, ya ce shi dai ba zai koma wa shayi ba, don tun da ya bari yake samun barci, kuma a nan ba ni da ta cewa. Sai ya tsaya ya tambaye ni, awa nawa na ce a bari tsakanin ƙwayar da shayin, domin surukarsa tana wata na shida.