Gyaran hoton jirgin wasan kwamfuta fasaha ce, amma a rubuta gaskiya a jikinsa

Duk wanda ya ga hotunan da masu buga wasan Microsoft Flight Simulator ke wallafawa zai rantse da kyamara aka ɗauke su. Wasan, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa aka fitar a 2020, yana amfani da taswirar Bing da yanayin sama na zahiri.

Duk da haka, masu sha'awa ba sa barin hoton yadda ya fito. Sukan saita lokacin wasan zuwa faɗuwar rana, sannan su kai hoton Photoshop ko Lightroom su ƙara wa gajimare ja, su ƙarfafa inuwar fiffike, su lulluɓe tsaunuka da hazo.

A ganina wannan fasaha ce kamar zane. Matsalar tana farawa ne idan hoton ya bar hannun mai shi.

A watan Fabrairun 2022, wani bidiyo ya karaɗe intanet da sunan matuƙin Yukren ne ke kakkaɓo jirgin Rasha. Ashe da wasan Digital Combat Simulator aka haɗa shi. Wanda ya ɗora shi a YouTube ya faɗi haka, amma masu yaɗawa suka yar da bayanin.

Saboda haka bayani a ƙarƙashin hoto bai wadatar ba. Mai gyara ya rubuta sunan wasan a jikin hoton, inda yanke shi zai yi wuya. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura hoton jirgi a WhatsApp, bincika daga ina ya fito.